Maiƙon Jini: Baƙon Da Ba Ya Sallama

Tun bayan Babbar Sallah da ta wuce mun je gaisuwar mutuwa sau uku tsakanin Nima da Maamobi da New Town, kuma duk gidan da muka shiga magana ɗaya muke ji daga bakin iyalin mamaci: "Wallahi lafiyarsa lau ya kwanta." Na farko ɗan kasuwa ne a Nima, ya rufe shago ya yi sallar isha'i, ya ce ƙirjinsa ya yi nauyi, aka ba shi ruwan zafi, kafin asuba rai ya yi halinsa. Ta biyu wata Hajiya ce mai sayar da waake, ta faɗi a bakin murhu, ɓarin jikinta ya shanye, ta yi kwana 9 a asibiti. Na uku direba ne, bai cika shekara 50 ba, ya bar yara 6, biyu daga cikinsu suna ajinmu. Allah Ya jiƙansu, Ya sa sun huta.

Ba mu ja da ajali. Amma da muka bincika a hankali, sai muka tarar dukansu ukun an taɓa gaya musu suna da hawan jini, ɗaya kuma har da ciwon sukari, kuma babu ko ɗaya a cikinsu da iyalinsa suka san an taɓa gwada masa maiƙon jini. Wannan shi ya sa muka ga ya kamata mu ɗauki alƙalami a kan wannan al'amari, ko da yake mu malaman makaranta ne, allo da alli muka sani. Abin da za mu faɗa mun tattaro shi ne daga karatu da kuma tambayar ma'aikatan asibiti, kuma ba zai maye gurbin ganin likita ba.

Abin da likitoci ke kira kolestarol wani irin maiƙo ne mai kama da kakin zuma wanda ke yawo cikin jinin kowane ɗan Adam. Jiki yana bukatarsa, domin da shi ake gina bangon ƙwayoyin halitta, da shi hanta ke yin ruwan matsarmama mai narkar da kitse, kuma daga gare shi ake samun wasu sinadaran da ke tafiyar da al'amuran maza da mata. Mafi yawansa jikin ne da kansa ke yin sa, musamman hanta, kaɗan ne ke shigowa kai tsaye daga abinci. To, da yake mai ba ya gauraya da ruwa, sai an naɗe shi cikin wasu 'yan ƙunshi kafin jini ya iya ɗaukarsa. A takardar gwaji za ku ga haruffa LDL da kuma HDL. Na farkon shi ke kwasar maiƙon daga hanta ya kai sassan jiki, shi ne kuma mai ɓarna idan ya yi yawa. Na biyun yana kwaso wanda ya yi saura ya mayar hanta.

Mu da muke zaune kusa da babbar gotar Nima mun san yadda shara ke taruwa kaɗan-kaɗan har ranar da ruwan sama zai rasa hanya ya shiga gidajen mutane. Lamarin jijiyar jini ya yi kama da haka, sai dai akwai bambanci guda da ya kamata a gane. Shi LDL cikin bangon jijiyar yake kutsawa ya zauna, shekara da shekaru, har wurin ya kumbura ya zama kamar ƙurji, hanyar jini ta tsuke. Wata rana sai ƙurjin nan ya fashe, jini ya daskare a kansa nan take, hanya ta toshe gaba ɗaya cikin 'yan mintoci. Idan jijiyar da ke ciyar da zuciya ce, shi ne bugun zuciya. Idan ta ƙwaƙwalwa ce, shi ne shanyewar ɓarin jiki. Watau abin da muke gani kamar ya faru dare ɗaya, ya yi shekara 20 ko 30 yana shiri.

Duk tsawon shekarun nan kuwa mutum ba ya jin komai. Babu ciwon kai, babu zazzaɓi, babu kasala. Jiri da ciwon ƙeya da mutanenmu ke cewa alamar "kitse a jini" ne ba su nuna komai game da shi. Girman jiki ma ba ma'auni ba ne. Akwai siriri kamar sanda wanda maiƙonsa ya yi sama, akwai mai tumbi wanda nasa yake daidai, ko da yake tumbin yana da tasa illar. Akwai ma masu gadonsa, kimanin mutum 1 cikin 250 zuwa 300, waɗanda tun suna yara LDL ɗinsu yake da yawa ko da ganye kawai suke ci. Hanya ɗaya ce ta sani, a ɗebi jini a gwada.

Mun sha jin dattawanmu a majalisa suna cewa wannan ciwon Turawa ne, masu cin cuku da naman alade. Gaskiya ne cewa a can aka fara gano shi. A 1913 wani likita ɗan Rasha mai suna Nikolai Anichkov ya ciyar da zomaye kolestarol, ya ga jijiyoyinsu sun lalace kamar na tsofaffin mutane. A 1948 aka fara bin lafiyar mutum 5,209 a garin Framingham na Amurka, aka yi ta bin su shekaru, har aka tabbatar cewa yawan maiƙon jini da hawan jini da shan taba su ne manyan masu share wa ciwon zuciya hanya. Amma yau Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cututtukan zuciya da na jijiyoyin jini sun kashe mutum kusan miliyan 18 a 2019, kuma fiye da kashi uku cikin huɗu na waɗannan mace-mace a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin arziki suka faru, irin tamu ke nan.

Binciken da ya fi shafarmu shi ne wanda ake kira SIREN, wanda likitocin Gana da Nijeriya suka yi tare a ƙarƙashin jagorancin Farfesa Mayowa Owolabi na Ibadan, aka fitar da sakamakonsa a 2018. An yi shi a asibitoci da suka haɗa da Korle Bu a nan Ankara, da Komfo Anokye a Kumasi, da asibitin Malam Aminu Kano a Kano, da na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya. An ɗauki mutum 2,118 da ɓarin jikinsu ya shanye, aka gwada kowannensu da wani sa'ansa mai lafiya, don a ga me ya bambanta su. Matsakaicin shekarun majinyatan 59 ne. Hawan jini ne ya zo na ɗaya da rata mai yawa, rikicewar maiƙon jini ta zo ta biyu, yawan cin nama a kai a kai ya biyo baya, sa'an nan tumbi, da ciwon sukari, da ƙarancin cin ganye. Mutanen da aka gwada ɗin nan sun haɗa da Hausawa da Yarbawa da Asante da Ga, ba wani Bature a ciki. Har ila yau wani bincike mai suna RODAM, wanda aka yi tsakanin 2012 da 2015 a kan 'yan Gana mazauna ƙauye da mazauna birni da kuma waɗanda ke Amstadam da Balin da Landan, ya nuna ƙiba da ciwon sukari da yawan LDL sun fi yawa ga mutanen birni a kan na ƙauye. Ashe ba sai mutum ya hau jirgi ba, zaman birni kaɗai ya isa ya sauya jini.

Yanzu ga maganar da ta fi kowacce muhimmanci a wannan rubutu. Lamba ɗaya a takardar gwaji ba ma'ana ɗaya take da ita ga kowa ba. Saurayi ɗan shekara 25 wanda ba ya shan taba, jininsa bai hau ba, idan LDL ɗinsa ya nuna 3.0 likita zai ce ya je ya kula da abinci. Amma wannan 3.0 ɗin a jikin Alhaji ɗan shekara 58 mai ciwon sukari da hawan jini abin tashi tsaye ne. Dalili kuwa shi ne hawan jini da sukari da hayaƙin taba suna ƙuje bangon jijiya, ta wurin ƙujewar nan maiƙon ke samun saukin shiga. Haɗari kan haɗari ba tarawa yake yi ba, ninkawa yake yi.

Su wane ne likitoci ke sa wa ido? Na gaba-gaba shi ne wanda ya taɓa samun bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki, ko da ya warke sarai ya koma kasuwa. Sai mai ciwon sukari da ya haura shekara 40, da mai ciwon ƙoda, da mai hawan jini wanda ya haɗa da taba ko tumbi. Sai kuma wanda mahaifinsa ko ɗan'uwansa ya sami ciwon zuciya kafin shekara 55, ko mahaifiyarsa ko 'yar'uwarsa kafin 65. Mata kada su ce ba ruwansu, domin bayan jinin al'ada ya ɗauke LDL yakan hau, kariyar da suke da ita a da ta ragu. A ɗakunan gwajinmu akan rubuta sakamako da ma'aunin mmol/L. Ga mai lafiya ana son jimillar kolestarol ta tsaya kusa da 5 ko ƙasa, LDL kuma ƙasa da 3. Ga mai babban haɗari, ƙa'idar likitocin zuciya na Turai ta 2019 ta ce a saukar da LDL ƙasa da 1.8, wanda kuwa ya riga ya taɓa faɗuwa a kai shi ƙasa da 1.4.

Wani abokin aikinmu, malamin lissafi, mai ciwon sukari shekara 8, ya kawo takardarsa ɗakin malamai yana murna. Ya ce, "Malam, duba ka gani, ba inda aka sa mini ja. Duk lambobin suna cikin layi." Muka duba, LDL 2.9, kuma gefen takardar an buga cewa ƙasa da 3.4 daidai ne. Da ya koma asibiti ranar da aka sa masa, likita ya gaya masa cewa layin da ke jikin takarda na masu lafiya ne, shi nasa layin daban, ya rubuta masa magani. Ya dawo ransa a ɓace yana cewa an ƙara masa ƙwaya ba gaira ba dalili. Sai da muka zauna muka yi lissafin tare, shi da yake gwanin lissafi, kafin ya yarda. Mun kawo wannan ne don masu karɓar takarda daga ɗakin gwaji su ninke ta su sa aljihu ba tare da likita ya gani ba, kuma suna da yawa a cikinmu.

To, mu zo kan tukunya, inda aka fi gardama. Abincin Zango a asalinsa ba abin kushewa ba ne. Kokon gero, waake, tuwon zafi da miyar ayoyo ko kuka ko kuɓewa, fura, gyaɗa, kifi, duk waɗannan abinci ne masu kyau, wake da kuɓewa ma suna taimakawa wajen rage LDL. Matsalar tana cikin abin da muka ɗora a kai. Kwanon waake na yanzu sai an zuba masa talliya da gari da mai, da soyayyen ƙwai da soyayyen nama da ganda, sa'an nan shito yana iyo cikin mai. Da dare kuma mu tsaya wurin mai tsire mu ce a zaɓo mana mai kitse, ko wurin mai shayi a soya ƙwai uku da Indomie, a shafe burodi da bota, a tsiyaya madarar gwangwani. Kakanninmu da suka zo fataucin goro da shanu daga arewa sun ci nama, amma da ƙafa suka taka daga Salaga zuwa Kumasi. Mu kuwa daga ƙofar gida sai trotro ko okada, daga nan sai benci a bakin shago har magariba.

Abin da ya fi ɗaga LDL shi ne daskararren kitse, watau irin wanda ke yin ƙanƙara idan ya huce: kitsen saniya da na rago, man shanu, bota, fatar kaza, kayan ciki. Manja kusan rabinsa irin wannan kitsen ne, man kwakwa da man ƙwarar manja sun fi shi ma. Man gyaɗa da man waken soya sun fi sauƙi nesa ba kusa ba. Ba mu ce a daina miyar manja ba, wanda ya faɗi haka a Ankara ba mai saurarensa. Amma ludayi ɗaya yana yin aikin da muke sa ludayi uku, kuma man da ya taso saman miya ana iya kwashe shi. Man suyar da aka yi ta maimaitawa har ya yi baƙi shi ma a guje shi. Gishiri ba ya ƙara maiƙo, amma yana ɗaga jini, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya wuce giram 5 a yini, kimanin ƙaramin cokali ɗaya, har da wanda ke cikin dunƙulen magi da kifin gishiri. Game da naman layya, mun san ba a yi wa mutum wa'azi a ranar Sallah. Abin dubawa shi ne soyayyen naman da ake adanawa cikin kitsensa a yi wata guda ana ci safe da yamma, alhali maigidan yana da hawan jini.

Tafiya ma magani ce. Minti 150 a mako ake so, watau rabin sa'a sau biyar, da sauri har mutum ya ɗan yi haki. Daga New Town zuwa Babban Masallacin Kanda da dawowa ya wadatar. Taba kuwa babu wani sassauci a kanta, shisha da samarinmu suka ɗauka ita ma taba ce.

Sai dai mu faɗi gaskiya: ga mai babban haɗari gyaran abinci kaɗai ba kasafai yake kai LDL inda ake so ba, tun da hanta ce ke yin mafi yawansa. Nan ne magani ke shigowa. A 1973 wani masani ɗan Japan, Akira Endo, ya samo daga wata irin fumfuna wani sinadari da ke rage wa hanta yin kolestarol, daga nan aka sami dangin magungunan da ake kira statin, na farkonsu ya shiga kasuwar Amurka a 1987. A 1994 aka fitar da sakamakon gwaji a kan majinyatan zuciya 4,444 a ƙasashen arewacin Turai, aka ga waɗanda suka sha simvastatin mutuwa ta ragu a cikinsu da kashi 30 cikin 100 a kimanin shekara 5. Da aka tattara gwaje-gwaje masu yawa daga baya, an ga duk saukar LDL da 1 a ma'aunin nan tana rage haɗarin bugun zuciya da shanyewar jiki da kusan kashi ɗaya cikin biyar. Yau waɗannan magunguna sun yi araha, atorvastatin yana cikin jerin waɗanda inshorar lafiya ta ƙasa, wadda aka kafa a 2003, take biya. Don haka a sabunta kati kafin ya mutu.

Inda muke faɗuwa shi ne wajen ɗorewa. Mutum ya sha wata biyu, ya ga ba abin da ya canja a jikinsa, sai ya ajiye. To dama me zai ji, tun da ciwon ma ba ya jin sa? Wani kuma ya sake gwaji ya ga lamba ta sauka, ya ce ya warke. Maganin ne ya riƙe ta, ranar da aka daina sha cikin 'yan makonni za ta koma inda take. Wasu kaɗan sukan ji ciwon tsoka, wannan a koma wurin likita ya rage ko ya sauya wani iri, kada a yanke wa kai hukunci. Mai ciki da mai shayarwa ba a saba ba su ba, don haka mace ta sanar da likita halin da take ciki. Azumi ba ya hana sha, sau ɗaya ne a yini, ana iya sha bayan buɗa baki ko lokacin kwanciya.

Masu sayar da jiƙo a cikin mota da gidajen rediyo, masu cewa kwalba ɗaya tana "wanke jini" ta narkar da kitse ta warkar da basir da sanyin mara duk a haɗe, ba mu da abin ce musu sai tambaya ɗaya: ina takardar gwajin kafin sha da ta bayan sha? Tafarnuwa da lemun tsami da zoɓo ba laifi a ci a sha, amma ba su kai su maye gurbin ƙwayar da likita ya rubuta wa mai ciwon sukari ba. Abin da ya fi ba mu tsoro shi ne wanda ya taɓa faɗuwa, Allah Ya tashi kafaɗarsa, sai 'yan'uwa su ce jifa ne, a ajiye maganin asibiti. Addu'a da rubutu ba su hana a haɗiyi ƙwaya.

Gwajin kansa ba wuya. Ana yin sa a asibitin Maamobi da Ridge da 37 da Korle Bu da ɗakunan gwaji masu zaman kansu. Wasu wuraren sukan ce a zo ba a karya ba, a kwana sa'a 9 zuwa 12 ba ci sai ruwa, don haka a tambaya tun kafin a je. Wanda aka fara wa magani akan sake gwada shi bayan wata 2 ko 3. Mai hawan jini ko sukari da ke zuwa karɓar magani duk wata, kada ya jira sai an ce masa, ya buɗe baki ya ce, "Likita, yaushe rabon da a duba mini kolestarol, kuma nawa ya kamata nawa ya kasance?"

Idan kuwa abin ya riga ya zo, a san fuskarsa. Nauyi ko matsi a tsakiyar ƙirji da ya wuce 'yan mintoci, yana bi ta hannu ko muƙamuƙi ko baya, da gumi mai sanyi da ƙarancin numfashi, kada a ce olsa ce a jiƙa kanwa. Masu sukari da mata wani lokaci ba sa jin ciwon ƙirjin sosai, sai gajiya da haki da tashin zuciya. Baki ya karkace, hannu ya saki, magana ta sarƙe, wannan ƙwaƙwalwa ce, kuma kada a ɗura wa mutum ruwa ko magani a baki domin yana iya shaƙewa. A kira 112 ko a tari mota nan take. Korle Bu tana da cibiyar zuciya wadda Farfesa Kwabena Frimpong-Boateng ya kafa a 1989, tana kuma da sashen masu shanyewar jiki tun 2014. Daga Nima zuwa can ba nisa, cunkoson Circle ne kawai, kuma da tsakar dare babu shi. Ɗan kasuwar nan da muka ambata da farko ya yi sa'a 6 yana riƙe da ƙirji, motarsa tana ajiye a ƙofar gida.

Shi kuwa malamin lissafi ya sake gwaji bayan wata 3, lambarsa ta sauko 1.7. Ranar Litinin da ta wuce ya kawo takardar ɗakin malamai, ya liƙa ta cikin rajistar ajinsa. Mu huɗu da muka haura 40 a makarantar mun sa ranar Asabar ta farkon wata mai zuwa za mu je Maamobi tare da ƙarfe 7 na safe, ba tare da mun sha koko ba.